Hukuncin Mayar da Tufar da Aka Saya ta Intanet

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce ta ga leshi ruwan zuma mai duwatsu a shafin wata 'yar kasuwa a Instagram, ta tura kuɗi, aka sa mata a mota daga Kano. Da ta kwance ƙunshin sai ta tarar launin ruwan ƙasa ne, duwatsun tsilla-tsilla, yadin ma bai cika biyar ba. Mai kayan ta ce ai a shafinta an rubuta cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Shin tana da haƙƙin mayarwa? Kuɗin mota kuma a kan wa yake?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Mai tambaya tana da haƙƙin mayar da leshin ta karɓi kuɗinta cif, kuma rubutun da ke shafin mai kayan bai kayar da wannan haƙƙi ba.

Cinikin kansa ya inganta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da cewa ciniki yana ƙulluwa ta na'urorin sadarwa na zamani. Sayen tufar da ido bai gani ba kuwa ba yau aka fara ba. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya halatta a sayi dilar tufafi a ɗaure, bisa takardar da ta faɗi irin kayan da ke ciki da yawansu da tsawonsu, domin kwance kowace dila wahala ce ga fatake. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bi wannan hanya, ta kuma hana sayen tufar da ba a warware ba, ba a kuma siffanta ba. Hoto da ɗan bayanin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa su ne takardar dilar wannan zamani. In kaya ya zo yadda aka siffanta, ciniki ya zauna. In ya saɓa, zaɓi yana hannun mai saye, ko ta riƙe ko ta mayar.

A nan ne mata da yawa suke cakuɗa abu biyu. "Ba shi na saya ba" magana ce daban da "bai yi mini ba". Wadda aka ce mata yadi biyar ta auna ta ga huɗu da rabi, ko aka ce shadda Getzner ce ta zo gama-gari, ko aka ce atamfa ba ta zuba ta mayar da ruwan wanki shuɗi, wannan an saɓa mata siffa ko an ba ta mai aibi. Amma wadda abaya ta zo mata daidai da awon da ta bayar da launin da ta zaɓa, sai ƙawarta ta yamutsa fuska ta ji ta fita daga ranta, a mazhabar Malikiyya ba ta da ikon tilasta mai kaya. Hanafawa sun fi sassauci, domin su a wajensu duk wanda ya sayi abin da bai gani ba yana da zaɓi a lokacin da ya gan shi, ko da bai saɓa ba. Abin da ya rage mata a mazhabar Malikiyya shi ne roƙon a warware cinikin cikin yardar juna, wanda malamai ke kira iƙala. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke yi wa ɗan kasuwar da ya karɓi irin wannan mayarwa albishir da yafiyar Allah.

Batun launi yana da ɗan santsi, saboda hasken waya yakan ƙara wa yadi kyau ba da laifin kowa ba. Ɗan bambancin da 'yan kasuwa suka saba ɗauke wa kai ba ya ɓata ciniki, kuma in gardama ta yi tsawo, masana yadi irin na Kantin Kwari ake nuna wa. Mai kayan da ta ɗauko hoton wani kamfani ta liƙa, alhali ta san nata bai kai shi ba, ko ta goge hoto har ruwan ƙasa ya zama ruwan zuma, ta yi algus, kuma a Sahihu Muslim Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus lokacin da ya tarar da jiƙaƙƙen hatsi a ɓoye ƙarƙashin busasshe.

Shi kuwa rubutun nan na "ba ya dawowa", yana aiki ne kawai a kan wadda ta sauya ra'ayi. Ba ya rufe aibi ko saɓa siffa, kuma Kwamitin Fatawa na dindindin na Saudiyya ya ɓata wannan sharaɗi saboda yana ɗora wa mai saye kaya mai aibi dole. Dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ita ma ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, in bai dace da abin da aka siffanta ba.

Batun kuɗin mota kuwa, Malikiyya sun bambance tsakanin hali biyu. Mai kayan da ta san aibin ta ɓoye, ita za ta biya, har ma in mai saye ta riga ta kai wa tela ya yanka kafin a gano aibin, za ta mayar a yanke ba tare da ta biya komai ba. In ba ta sani ba, kuma an riga an yanka, mai saye za ta zaɓa: ta riƙe a rage mata kuɗin aibin, ko ta mayar ta biya abin da yankan ya rage. Kayan da ya ɓace ko ya jiƙe a hanya kafin ya shiga hannun mai saye, asarar ta mai kaya ce, sai in an yi sharaɗin akasin haka tun farko. A wannan mas'ala, yadin da bai cika ba abu ne da mai kaya ba ta rasa sani ba, don haka ita za ta biya direba.

Sai dai mai tambaya ta kiyaye: kada ta ɗinka leshin ko ta ja lokaci ba uzuri bayan ta ga aibin, domin hakan alamar yarda ce kuma haƙƙinta zai faɗi. Ta ɗauki hoton yadin da abin awo a kansa, ta adana hirarsu da shaidar tura kuɗi. In shago ya ba da wa'adin mayarwa, sharaɗi ne da ya wajaba ya cika. Muhtasar na Halilu ya ƙiyasta wa'adin tufa da kamar kwana uku, na gwaji da shawara, ba na sakawa ba. Wadda ta sa riga ta je biki, ta ɓoye takardar kamfani a wuya, washegari ta mayar ta ce ba ta yi mata ba, ta ci haram, kuma ladan sakawar yana wuyanta.

Allah ne mafi sani.