Fatawa a Kan Hular Bikin Yaye Ɗalibai

Tambaya: Allah gafarta malam, 'yata ta kammala jami'a, an ba ta doguwar riga da hular nan mai kusurwa huɗu da tuntu, sai wani ya ce mini asalinta hular limaman coci ce. Shin in bar ta ta sa?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, wanda ya gaya maka asalin hular bai yi ƙarya ba, domin jami'o'in Turai na farko, irin su Faris da Okisfod, a ƙarƙashin inuwar coci suka tashi, tufafin malamansu tufafin ma'aikatan coci ne, daga nan al'adar ta bi Ingilishi har ta iso Ibadan a 1948 da Zariya a 1962. Amma labarin da ake yaɗawa cewa ɗaliban Andalus ne suka fara ta, suna ɗora Alƙur'ani a ka, ban taɓa ganin isnadinsa ba, kuma ba ya halatta mu ƙirƙiro tarihi don mu kwantar da hankalinmu.

Inda magana take shi ne sharaɗin tashabbuhin, wato kwaikwayon wasu mutane, da hadisin Abu Dawuda ya hana: shin da asalin tufa ake yin hukunci, ko da halin da take ciki a yau? Abin da na dogara a kai shi ne na biyu, saboda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa jabba ɗinkin Rumawa mai ƙuntatattun hannuwa, kamar yadda Mugira ɗan Shu'uba ya ruwaito. Kuma Hafizu Ibnu Hajar, da ya zo kan ƙyamar da Anas ya nuna wa mayafin nan da ake kira ɗailasani don kamarsa da shigar Yahudawan Haibara, ya bayyana cewa hanin ya rataya ne da zamanin da tufar take alamarsu, idan alamar ta gushe hukuncin ya koma halacci. Shi kuwa zunnari, ɗamarar nan da malamanmu Malikawa suka tsananta a kansa a babin ridda, alama ce ta addini da ake gane mai ita da ita. Wannan hula kuwa, wanda ya gan ta a kan yaro a Kano ko Alƙahira ko Jakarta, ba abin da zai faɗo masa a rai sai cewa yaron ya gama karatu. Na san akwai malaman da suka ƙi ta don tsantseni, ba na kuma aibata su, sai dai tsantseni ba ya zama haramci a kan jama'a.

Saboda haka 'yarka ta sa, da sharaɗin ta ɗora ta bisa hijabinta, kada ta tuɓe shi don hular ta zauna daidai a hoto, kada kuma ta sunkuya kamar mai ruku'u gaban shugaban jami'a in an kira sunanta, kuma dogon zaman zauren kada ya cinye mata Azahar.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne makarantun Islamiyya da suka fara aro wa masu saukar Alƙur'ani wannan shiga, ana karɓar kuɗin haya daga iyayen da da ƙyar suke biyan kuɗin wata, sai ka ga yaro yana karanta farkon Baƙara, hannu ɗaya riƙe da allo, ɗaya yana tallafe hular kada ta zame. Jami'a ta gaji abinta, tana da uzuri. Mu da muke da allon zayyana da rawani, mene ne uzurinmu? Ban ce haramun ne ba, amma makaruhi ne a wurina, kuma ina roƙon shugabannin makarantun nan su bari. Allah ne mafi sani.