Abin da ke Cikin Bango

Sa'ad da magini ya gama ɗora tubali, yakan koma da ƙaramin cokali ya bi tsakanin tubali da tubali, ya cike, ya goge. Aikin yana da amfani, gama shi ke hana ruwan sama shiga. Amma shi ne kuma ke rufe ha'inci. Mai gaggawa yakan shafa kwaɓi a baki-baki kaɗai, ya bar ciki fanko. Ko kuwa ya ɗora tubali bai jiƙa shi ba, tubalin ya shanye ruwan kwaɓin. Siminti kuwa da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba. Bayan damina biyu ko uku, sai bango ya tsage.

To, laifin wa? Mukan ce na magini, mu tsame hannunmu. Amma mu tuna da ranar ciniki, 'yan'uwa. Ya ce buhu 10, muka ce 6 sun isa. Ya ce kwano 6 na yashi ga kwano 1 na siminti, muka ce ya ƙara yashi, ai ba mai gani. Ya roƙa a riƙa yayyafa wa bangon ruwa kwana 7, muka ga rijiya da nisa.

Duk da haka ba mu sake shi ba. Shi ya san abin da ke cikin bangon. Yaran da za su kwana a gindinsa ba su sani ba, ba a kuwa yi cinikin da su ba. Yana da iko ya ajiye cokali ya ƙi, ko da yake ran nan watakila ba za a ɗora tukunya a gidansa ba.