HUTUN MATUƘIN JIRGI: HAƘƘINSA NE KO WAJIBI NE A KANSA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, idan jigilar alhazai ta kankama akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa: ga jirgi a ƙasa, ga maniyyata zaune da kayansu, wai sai matuƙi ya huta! Wani har ya ce raini ne. Mu mutanen Kebbi zancen ya shafe mu, don daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi ranar 15 ga Mayu 2024. Iyayenmu da matanmu ne ke cikin irin waɗannan jirage.

To hutun nan ba matuƙi ya ƙirƙiro shi ba. Kowace ƙasa tana da dokar da ta ƙayyade sa'o'in aikinsa, a nan hukumar NCAA ce ke sa ido. A Amurka, tun 2014, dole ya samu hutun sa'a 10 kafin ya kama aiki, 8 daga ciki na barci ne, kuma ba zai wuce sa'a 100 a sama ba cikin kwana 28. An tsaurara dokar ne bayan hatsarin 2009 kusa da garin Buffalo, inda mutum 50 suka mutu. A Indiya kuma, a 2010, wani matuƙi ya kwashe mafi yawan tafiya yana barci, ya farka bai gama wartsakewa ba, jirgi ya zarce titin sauka a Mangalore, rayuka 158 suka salwanta.

Tambayar ita ce: hutun nan haƙƙinsa ne, ko wajibi ne a kansa? Bambancin babba ne. Haƙƙinka kana iya yafe shi. Wajibi kuwa ba naka ba ne balle ka yafe.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu in ya ga dama ya wuni ya kwana a gona, jikinsa ya cuta, duk da cewa shi ma jikin yana da haƙƙi a kansa, kamar yadda Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi. Amma wanda ɗaruruwan rayuka ke bayansa, barcinsa ya tashi daga nasa, ya koma cikin amanar da aka ba shi. Malaman usulu sun tabbatar cewa duk abin da sauke wajibi ya rataya a kansa, shi ma ya hau kan mutum. Kai mutane lafiya wajibi ne, mai gyangyaɗi ba zai iya ba.

Ka duba sallah ma. An umurci wanda barci ya rinjaya ya kwanta har ya sake shi, kada ya tashi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. In an ji wa mai gyangyaɗi tsoron tuntuɓen harshe, ina ga tuntuɓen hannu a sararin sama?

Wani zai ce, "Malam, ai ajali ɗaya ne, in kwana bai ƙare ba babu abin da zai faru." Gaskiya ne ajali na hannun Allah. Amma wanda ya koya mana tawakkali shi ya ce a fara ɗaure raƙumi. Sakaci ba ya zama tawakkali don an ambaci Allah a kansa.

Don haka matuƙin da ya ce ya gaji ba rago ba ne, mai amana ne. Kamfanin da ya matsa masa don riba, ko fasinjan da ya zage shi don gaggawa, suna tura shi cin amana ne.

Kuma hukuncin bai tsaya a jirgi ba. Direban da ya kwana yana tuƙi, ya tauna goro, ya sake lodi a tasha zuwa Sakkwato, da maigidan da ya hana shi runtsawa sai kuɗin rana sun cika, duk su ji tsoron Allah. Shi ba shi da mataimaki a gefe, ba mai ƙirga masa sa'o'i sai imaninsa.

Maniyyaci, in an ce jira, ka jira. Haƙuri ma cikin guzurin Hajji yake.

Allah Ya tsare matafiyanmu, sama da ƙasa. Wallahu a'alam.