Katin Jabu Da Hukuncin Binciken Shaida A Musulunci

Akwai wata sana'a da ta yaɗu a ƙasashen Turai da Amurka, watau buga katin shaida mai kama da na hukuma, a sayar da shi da sunan wai abin wasa ne. A Amurka, inda tun 1984 doka ta matsa wa jihohi su hana sayar da giya ga wanda bai kai shekara 21 ba, samari kan sayi irin wannan kati domin su ƙara wa kansu shekaru. A nan gida kuwa ba giya kaɗai ba ce. Da katin jabu sojan gona ya ke tsare hanya, da shi kuma wani ya ke zauna wa wani jarrabawa.

To, kati shaida ne, domin yana faɗin cewa wane ɗan wane ne, kuma hukuma ta tabbatar. In hukuma ba ta tabbatar ba, ya zama shaidar zur, wadda Manzon Allah ya lissafa cikin manyan kaba'irai tare da shirka da saɓa wa iyaye. Mai bugawa kuma ba ya kuɓuta don ya rubuta "wasa ne" da ƙananan baƙaƙe a bayan katin. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi, balle abin da ba shi da wata rana sai ruɗi.

Waɗansu mutane kan fusata in an nemi katinsu, suna ganin an yi musu mummunan zato. Ba haka ba ne. Jabir ɗan Abdullahi ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Annabi, da aka tambayi ko wane ne bai faɗi sunansa ba, sai ya ce shi ne, Annabi ya nuna rashin jin daɗin wannan amsa. Sayyidina Umar ma ya nemi Abu Musa al-Ash'ari ya kawo mai shaida a kan hadisin neman izini sau uku, har Abu Sa'id al-Khudri ya tashi ya shaide shi, alhali kuwa Umar ya bayyana cewa ba tuhumarsa ya ke yi ba. In an nemi shaida daga Sahabi, wane ne babban mutumin da ya fi ƙarfin a duba katinsa a bakin ƙofa?

Amma inda gizo ya ke saƙa shi ne wajen mai dubawa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati bincike ta umarta a yi kafin a yi aiki da labari, kallon takarda kuwa ba bincike ba ne. Alƙalan farko suna karɓar wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali da hatimi kawai. Imamul Bukhari ya ambata cewa Ibn Abi Laila da Sawwar ɗan Abdullahi su ne farkon waɗanda su ka nemi a kawo shaidu a kanta. Dalili a fili ya ke: hatimi ana iya kwaikwayonsa. Haka katin yau. Hukumar NIMC, wadda aka kafa a 2007, tana ba kowane mutum lamba mai alƙaluma 11, sa'an nan amfanin lambar shi ne a koma ga rijistar hukuma a gwada ta da suna da hoto. Ma'aikacin da ya karɓi kati, bai dubi fuskar mai shi ba, ko kuma ya ga Naira a naɗe ƙarƙashinsa ya ɗaga hannu a wuce, ya ci amanar da ake biyansa albashi dominta, duk ɓarnar da mai katin ya yi a ciki kuma yana da kamasho.

Sai dai bincike ba lasisin wulaƙanci ba ne. Tsohuwar ƙauye da ba ta taɓa samun kati ba, ba ta zama maƙaryaciya ba. Shari'a tana karɓar shaidar adilai biyu da su ka san ta, mai unguwarsu ko limaminsu kuwa ba su yi nisa ba.