Yardar Majiyyaci: Alfarma Ce Ko Haƙƙi?

Mu da muke zaune a Sabon Garin Wudil mun san irin jama'ar da ke haɗuwa a layin ganin likita. Akwai Bafulatana da ta sauko daga ruga, akwai masunci daga bakin kogi, akwai ɗan kasuwa Inyamuri, ga ɗaliban jami'a da na makarantar horar da 'yan sanda waɗanda suka zo daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Ciwo bai tambayi kowannensu ƙabila ko addini ba. Amma tambaya ta taso mana: idan likita ya san maganin da ya dace, wajibi ne ya tsaya ya bayyana wa kowane ɗayansu, cikin harshen da yake ji, har ya sami yardarsa? Ko kuwa ya isa a ce an warkar da shi?

Jiharmu ta Kano ta biya tsada kafin ta sami amsa. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan. A tsakiyar wannan masifa kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin. Kimanin rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu. Iyaye da yawa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya musanta, ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Shari'a ta ƙare, amma dubi abin da ya faru kafin ta ƙare. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa an gurɓata shi, kuma labarin 1996 yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Sai a Yulin 2004 aka ci gaba. Kafin nan cutar ta sami ƙofa, ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har da Yaman da Indonisiya. Yaran da suka shanye ba su san Trovan ba. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Akwai masu cewa wannan magana ta masu hutu ce. Likita ɗaya ne, majiyyata ɗari. Wanda bai yi makaranta ba, in an yi masa bayani ma ba zai gane ba. Gara a ceci rai da a ɓata lokaci. Ba mu raina wannan hujja ba, domin mun san gajiyar ma'aikatan asibitocinmu, mun kuma yarda cewa wanda aka kawo a sume ba a jiran bakinsa. Amma rashin boko ba rashin hankali ba ne. Matar da ta iya lissafin shanu da kuɗin nono za ta gane amfanin allura da haɗarinta, in an faɗa mata da Fulatanci. Tun 1947 ƙa'idojin Nuremberg suka sa yardar mutum a gaban kome a duk gwajin magani, ba su kuwa ware talaka ba.

Bangaskiyarmu ta wuce nan. Mutum an halicce shi cikin kamannin Allah, don haka jikinsa ba gona ba ce da wani zai shiga ya shuka abin da ya ga dama, ko da niyyarsa alheri ce. A Bisharar Markus, sura 10, Ubangijinmu Yesu ya ga makaho Bartimawus, ya san sarai abin da ke damunsa, duk da haka sai da ya tambaye shi bukatarsa, ya bar shi ya faɗa da bakinsa. In Mai warkarwa da kansa ya tambaya, wane ne mu da za mu ce ba mu da lokaci?

Saboda haka riƙe majiyyata daidai ba ya nufin a yi wa kowa abu iri ɗaya. Musulmi mai ciwon sukari yana bukatar shawara a kan azumin Ramadan. Macen da ta nemi mace ta duba ta, a ji ta in da hali. Kuma kada wani cikinmu ya mai da gadon asibiti wurin matsa wa marar ƙarfi ya sauya addini. Wannan ma cin amana ne.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa Ranar Marasa Lafiya ta Duniya a 1992, ana kiyaye ta kowace 11 ga Fabrairu. Kada ta tsaya a addu'a kaɗai. A ikilisiyarmu akwai masu jin harsuna biyu da uku. Bari ƙungiyar Zumuntar Mata da matasa su tsara masu raka baƙo asibiti su yi masa tafinta, su kuma riƙe sirrinsa. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu kuwa, su tambaya kafin su taɓa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu. Amin.