Tsanani da rangwame a tafarkin Abdullahin Gwandu

Malaman fiƙihu sun raba aiki da hukunci gida biyu: akwai azima, wato bin umarni yadda ya zo ba tare da ragi ba, akwai kuma ruhusa, wato sauƙin da shari'a ta yi wa mai uzuri, kamar ƙasarun salla ga matafiyi. A sha'anin ibada rabon a fili yake, amma idan aka zo kan mulki sai tambaya ta yi nauyi, domin shugaban da ya riƙe azima kaɗai yana iya tarwatsa jama'arsa, wanda kuma ya saba da ruhusa yana iya wayar gari ya zama irin azzalumin da ya tashi yaƙa.

A ƙasar Kabi babu wanda rayuwarsa ta ɗauki wannan tambaya kamar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wato Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu. Abdullahi ne ya jagoranci rundunar jihadin da ta ci Birnin Kebbi a 1805. Shekara biyu bayan haka, a 1807, ana kan hanyar yaƙin Alkalawa, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar hajji, saboda ya ga abokan jihadi sun karkata ga tara ganima da ƙwaraƙwarai da dawakan ado da neman muƙami. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkami, littafin da ya shimfiɗa yadda mai mulki da alƙali za su tsaya a kan shari'a. Abin da ya ba tsananinsa daraja shi ne inda ya fara sauke shi: a kan jama'arsa, a lokacin da nasara ke hannunsu, kuma da hasarar matsayinsa. Ganin zaluncin abokin gaba ba ya bukatar wani ƙoƙari, amma ganinsa a sansanin da mutum ya zubar wa gumi yana bukatar zuciyar da ba ta sayuwa.

Ba a kan komai Shehu ya bi ƙanensa ba. Abdullahi ya ƙyamaci laƙabin sarauta da kaɗe-kaɗe da tufafin alfarma ga shugabanni, shi kuwa Shehu, a littattafai irin su Najmul Ikhwani, ya nuna cewa saɓanin malamai rahama ne, kuma bai dace a tsananta wa jama'a a kan abin da magabata suka yi saɓani a kansa ba. Dukansu biyu adalci suke nema, sai dai ɗaya yana tsoron kada daula ta lalace, ɗaya yana tsoron kada ta wargaje. Shi kansa Abdullahi ya taɓa sassautowa, domin bayan rasuwar Shehu a 1817 aka naɗa ɗan Shehu, Muhammadu Bello, ya gaje shi, ba Abdullahi ba, zumunci ya yi sanyi, har sai da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, sannan baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a.

Akwai kuma ma'aunin da ba a cika ɗora shi a kai ba, wato idon wanda aka ci da yaƙi. Kabawa, magadan Kanta, ba su ɗauki faɗuwar birninsu a matsayin adalci ba, shi ya sa Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Argungu ta zama cibiyarsu, suka yi ta fafatawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Mai tsananin gaskiya yana iya tsarkake niyyarsa da hannunsa daga dukiyar haram, amma hakan bai ba shi ikon yanke wa kansa hukunci a madadin waɗanda takobinsa ya shafa ba, kuma raunin bai fara warkewa sosai ba sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu.