Ɗakin Yini a Otal: Nasiha ga Jama'ar Samaru da Sabon Gari



A zamanin fatauci, idan baƙo ya iso gari, gidan fatoma yake sauka. Fatoma kan san sunan baƙonsa da garin da ya fito da hajar da ya ɗauko. In aka cuci baƙo, fatoma ne zai tsaya masa. In baƙon ne ya yi ɓarna, fatoma za a tuhuma. Saukar da mutum amana ce, ba haya kaɗai ba. Yau otal ya gaji fatoma, amma a wurare da dama ya gaji karɓar kuɗin ne kawai, ya bar amanar.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ɗakin yini, wanda samari ke kira shot taim: mutum ya kama ɗaki na awa biyu ko uku da rana tsaka, ya biya ƙasa da kuɗin kwana, kafin magariba ya kama gabansa.

Mu fara da adalci. Garinmu garin baƙi ne. Sabon Gari dama don baƙi ya kafu, bayan da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Samaru kuwa, tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ba ta rabu da baƙi ba. Uba zai taso daga Yola da dare ya kawo 'yarsa rajista, yana neman inda za su watsa ruwa su yi salla kafin su shiga layi. Mai jinya a asibitin Shika zai yi kwana uku a kan benci, yana neman awa huɗu ya miƙe haƙarƙarinsa. Direban da ya tsaya a Kwangila gara ya runtsa a kan katifa da ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari a hanyar Kano. Waɗannan duk halal suka nema. Saboda haka duk wanda ya hangi mace tana fitowa daga otal ya yanke mata hukunci, ko ya ɗauke ta a waya ya watsa a TikTok, ya ji tsoron Allah. Suratul Hujurat ta hane mu da mummunan zato da bin diddigin mutane, Suratun Nur kuma ta yanke bulala 80 ga wanda ya yi wa mace ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba.

Amma hana zato ba ya nufin a rufe ido. Kowa ya san abin da ya sa wasu suka fi son rana a kan dare. Da dare ana ƙirga 'yan gida, a gane wanda ba ya nan. Da rana kuwa kowa da hanzarinsa: “ina ofis”, “muna da lakca”, “na tafi islamiyya”, “ciniki ne bai yi ba, shi ya sa na daɗe”. Yarinya ta fita da hijabi da jakar littattafai, ta dawo la'asar kamar kullum, uwa ta zuba mata abinci. Rana ta zama labule, ta fi dare rufa wa mai ɓarna asiri.

Ya ku masu otal da masu gidajen saukar baƙi, lissafinku ba ɓoyayye ba ne. Ɗakin da za a kama sau ɗaya da dare, da rana ana iya juya shi sau uku ko huɗu. Daga nan ne kwaɗayi ke shigowa: a daina tambayar suna, a ture littafin rajista gefe, yaron kanta ya karɓi kuɗi ya miƙa makulli yana kallon ƙasa. Ku tuna abin da ya faru a Fatakwal a 2019, lokacin da aka riƙa tsintar gawawwakin 'yan mata a ɗakunan otal, har aka kama Gracious David-West, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2020. Sai bayan an yi asarar rayuka aka matsa wa masu otal su kafa kyamarori su riƙa rubuta bayanan baƙi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku nemi katin shaida daga kowa, har da wanda aka shigo da shi. Ku rubuta lokacin shiga da na fita. Babban mutum in ya zo da ƙaramar yarinya, ku tsaya ku tabbatar da abin da ke tsakaninsu. Uban gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba. Ribar da aka ci da mutuncin 'yar wani, da ita za ku ciyar da naku 'ya'yan?

Ya ku maza 'yan'uwana, nan ne maganar ta fi ɗaci. Mun iya zagin 'yan jami'a a majalisa, amma wa ke biyan kuɗin ɗakin? Ɗalibar da kuɗin abincinta ke ƙarewa tun tsakiyar wata ba ita ce mai motar nan mai baƙin gilashi ba. Mai motar namu ne, sahu ɗaya muke da shi a masallaci ko benci ɗaya a coci, wata ƙila ma tasa 'yar tana karatu a wani gari. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Suratul Isra'i ba aikata zina kaɗai ta hana ba, kusantarta ma ta hana, kuma babu kusanta da ta wuce mutum biyu da makulli ɗaya. Wanda tsoron Allah bai hana shi ba, ya sani cewa tun 2020 dokar Jihar Kaduna ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

'Ya'yana mata, duk wanda ya ce ku haɗu a ɗakin otal don ya duba miki sakamako, ko ya nema miki aiki, ko don ku san juna bayan hirar waya, ki tambayi kanki: me ya hana shi ofis, ko zauren gidanku? Da zarar ƙofa ta rufu, ba ki da shaida, ba ki da mai jin ihunki. Mai sonki da aure ƙofar mahaifinki yake nema.

Iyaye, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kun san ranakun da ake tashi islamiyya da wuri? Kun san malamin darasin da 'yarku take zuwa? Uwar da ta ga sabuwar waya a hannun 'yarta ta yi shiru, ko ta ɗora mata tiren talla ta ce kada ta dawo da saura, ta sa hannu a abin da zai biyo baya. Uban da ya tura 'yarsa Samaru karatu ya bar ta ba guzuri, shi ma haka.

Masu unguwanni, daga Danraka da Hayin Dogo har Muciya da Cikaji, kun san kowane gida da aka mayar masauki a unguwarku. Ku zauna da masu su, tare da limamai da fastoci da jami'an Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, a yi ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan kowa. Kada a bari matasa su ɗauki doka a hannu su far wa wuri da duwatsu. Ɓarna ba ta gyara ɓarna.

Ba cewa muke a rufe ƙofa ga baƙo ba, ai baƙonka annabinka. Cewa muke mai masauki ya koma fatoma: ya san wanda ya sauka a gidansa, ya yarda a tambaye shi a kansa. Mai jinyar Shika zai miƙa katinsa ba gardama, ya sami barcinsa. Wanda tambayar suna za ta kora kuwa, dama ba hutu ya kawo shi ba.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa mu ci halal, Ya shirye mu baki ɗaya. Amin.